Batsa da Zambo a Zanen Barkwanci: Waiwaye a kan Mujallar Ikebe Super

Gabatarwa

Manazarta adabi sukan kau da kai daga duk wani rubutu da ya ƙunshi batsa, saboda kunya da gudun abin da jama'a za su ce. Amma kuwa abin da dubban mutane suka sa kuɗinsu suka saya, suka karanta shekara da shekaru, ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira. A wannan 'yar maƙala za a yi bayani a kan wata mujallar barkwanci ta manya mai suna Ikebe Super, wadda ta yi tashe a Nijeriya daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa shekarun 1980. Manufa ita ce a nuna cewa batsar da ke cikinta ita ta jawo masu saye, amma zambon da ta yi wa halayen mutanen birni shi ya sa taurarinta suka yi ƙarko.

Asalin Mujallar

Zanen barkwanci shi ne hoton da ake zanawa da hannu, a kambama wata siffa ko wani hali na mutum domin a ba da dariya. Idan aka jera irin waɗannan hotuna cikin 'yan akwatuna, aka sa maganar kowane tauraro a wani ɗan da'ira kusa da bakinsa, to an sami labarin zane ke nan. Wannan fasaha ta daɗe a jaridun Nijeriya. Tun a shekarun 1940 Akinola Lasekan yake zane a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, yana yi wa mulkin mallaka shaguɓe. Sai dai shi Lasekan siyasa ya fuskanta, ita kuwa Ikebe Super sai ta juya ga rayuwar cikin gida da sha'anin maza da mata.

Wale Adenuga ne ya ƙirƙiro mujallar a shekarar 1976. An haife shi a 1950, ya yi karatun harkokin kasuwanci a Jami'ar Legas, inda ya fara zane a mujallar ɗalibai. Sunan mujallar kansa ya isa ya nuna inda ta sa gaba, domin kalmar "ikebe" a bakin 'yan Kudu tana nufin mazaunan mace, musamman manya.

Zamanin da ta fito shi ma abin lura ne. Farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973 da 1974, sa'an nan a 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da bashin watannin baya. Kuɗi suka yawaita a hannun mutanen birni, sabbin masu arziki suka ɓullo, shagali da fariya suka ƙaru. Watau mujallar ta sami masu kuɗin saye, ta kuma sami waɗanda za ta yi wa ba'a, duk a lokaci guda.

Taurarinta

Babban tauraron mujallar shi ne Papa Ajasco, wani magidanci mai sanƙo da tumbi, wanda yake da mata da ɗa a gida, amma idonsa ba ya sauka daga kan 'yan mata. Matarsa, Mama Ajasco, ita ke fama da shi. Akwai kuma Pa Jimoh, dattijo marar ilmin boko, wanda yakan fahimci kowace magana a baibai. Sai Boy Alinco, saurayi ɗan ƙwalisa mai farautar mata. Daga baya aka ƙaro Miss Pepeiye, budurwa mai idon cin naira, wadda sunanta ya samo asali daga kalmar Yarabanci mai nufin agwagwa.

Idan aka lura za a ga cewa kowane ɗayansu hali guda yake wakilta: kwaɗayi, ko wauta, ko fariya, ko son abin duniya. Ba sa canzawa, ba sa yin hankali. Wannan shi ne tsarin taurarin tatsuniya, inda tun kafin a fara labari mai sauraro ya san Gizo zai yi wayo, Kura kuma za ta yi haɗama. Daɗin labarin yana ga ganin yadda halin zai kai mai shi ya baro a wannan karon.

Yadda Ake Ƙulla Dariyar

Hanya ta farko ita ce kambamawa. Mai zane yakan ƙara wa jikin mace girma fiye da kima, ya kuma zana namiji da idanu a waje, baki a sake. A nan batsar take, a fili. Amma wannan zanen da ya tsiraita mace ya kuma tona asirin namijin da ke kallonta, domin ya mai da babban mutum abin dariya.

Hanya ta biyu ita ce harshe. Taurarin sukan yi magana da Turancin buroka, harshen tasha da kasuwa da bariki, wanda Bayarabe da Ibo da Bahaushen birni duk suna iya ji. Wannan ya sa mujallar ta wuce iyakar ƙabila guda. Daɗin daɗawa, buroka tana da yalwar magana mai harshen damo, inda za a faɗi kalma mai ma'ana biyu, a bar mai karatu ya cike sauran da kansa.

Hanya ta uku ita ce faɗuwar mai girman kai. Sau da yawa labarin yakan fara da dabarar namiji, ya ƙare da kunyarsa: ko a cinye masa kuɗi, ko asirinsa ya tonu. Mai karatu talaka, wanda yake ganin irin waɗannan masu hali a ofis da unguwa ba shi da ikon tanka musu, sai ya sami damar yi musu dariya. Hausawa sun ce wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Wannan haɗin batsa da zambo ba baƙo ba ne ga manazarcin adabin Hausa. 'Yan gambara sun shahara da sakin baki a bainar jama'a, 'yan kama kuma sukan kwaikwayi malamai don ban dariya, jama'a na tir da su suna kuma taruwa a kansu. Bambancin shi ne, maganar ɗan gambara takan wuce da watsewar taro, ita kuwa takarda tana nan, tana shiga hannun wanda ba don shi aka buga ta ba.

Inda Aka Yi Suka

A nan ne babban ƙorafi ya taso. Don manya aka yi mujallar, amma siffarta ta littafin yara ce, ga hotuna ga gajerun maganganu. Saboda haka 'yan makaranta da yawa sun karanta ta a ɓoye, suna miƙa wa juna.

Suka ta biyu ta shafi matsayin mata. Namiji a cikin labaran yana da halaye iri-iri, ita kuwa mace sau da yawa ko dai jiki ce abin kallo, ko mai kwaɗayin kuɗi, ko matar gida mai haƙuri da mita. Mujallar ta yi wa mazinacin miji ba'a, amma da jikin macen take sayar da kanta. Ke nan tana cin moriyar halin da take zargi. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani.

Daga Takarda zuwa Talabijin

A farkon shekarun 1980 Adenuga ya fitar da fim ɗin sinima mai suna Papa Ajasco. Bayan haka tattalin arziki ya taɓarɓare, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, kasuwar mujallu ta ja baya. A shekarun 1990 sai ya mai da taurarinsa cikin wasan talabijin mai suna Papa Ajasco and Company, a 2001 kuma ya fara shirin Super Story, wanda shi ma sunan wata mujallarsa ne.

Talabijin a tsakar gida yake, uba da uwa da 'ya'ya suna kallo tare, don haka dole aka rage batsar ƙwarai. Duk da haka Papa Ajasco da Boy Alinco da Miss Pepeiye suka ƙara suna, har yaran da ba su taɓa ganin mujallar ba suka san su. Da a ce batsar ce kaɗai jarinsu, da ba su kai labari ba.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa Ikebe Super 'yar zamaninta ce, zamanin kuɗin mai da rayuwar birni. An ga dabarunta uku na ban dariya, an kuma ga aibinta game da yara da mata. Darasi ga masu sha'awar zanen barkwanci da harshen Hausa shi ne, abin da ke raya tauraro shi ne ya yi kama da wani da mai karatu ya sani a unguwarsu. Wanda ya iya kama wannan hali ya zana shi, zai sa mutane dariya ba tare da ya keta haddin kunya ba.