ƘOFAR TARE GOBARA: Yadda Ake Kafa Ta da Yadda Ake Kula da Ita a Gidajen Zama

Kowace shekara, da zarar an kawar da amfanin gona iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai labarin gobara ya yawaita a garuruwan Arewa. Mutanen Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe, ba sai an gaya musu wannan ba. Daga watan Nuwamba zuwa Maris kome yakan bushe ƙayau: zana, da kaba, da karan dawa da aka jingine a bayan ɗaki, har da katakon rufi. A daidai wannan lokaci ne kuma ake shigar da kaskon garwashi cikin ɗaki saboda sanyi, ana bandar kifi, ana ajiye fetur a jarka domin janareto ko injin ban-ruwa. An daɗe ana yi wa jama'a gargaɗi a kan abubuwan da ke tayar da wuta. Abin da ba a cika yin bayaninsa ba shi ne abin da zai tsare wutar a wuri ɗaya idan ta riga ta tashi. Wannan shi ne aikin ƙofar tare gobara.

Gidan jiya da gidan yau

Kakanninmu ba su san wannan ƙofa ba, kuma ba su matsu da ita ƙwarai ba. Gidansu ɗakuna ne a warwatse cikin tsakar gida mai faɗi, kowane da ƙofarsa da ke kallon fili. Soron ƙasa mai azara ba ya kama wuta da sauƙi. In ɗakin ciyawa ya kama, hasara ce babba, amma hayaƙin sama yake tafiya, wanda ke ɗaki na gaba kuma taku biyu zai yi ya ga kansa a waje.

Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta iso Nguru a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro, gine-ginen siminti da kwano suka fara shigowa. Gashuwa ma, wadda ita ce mazaunin Mai Bade, ta ƙara cika tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a can a 2013, aka shiga gina gidajen haya da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ginin zamani kuwa tsarinsa dabam ne. Ɗakin girki da ɗakunan kwana da falo duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya, lungu ɗaya ya haɗa su, ƙofa ɗaya ake fita. Tagogi duk an dasa musu ƙarfe saboda ɓarayi. Cikin ɗakunan kuma akwai katifar soso da kujerun soso da labule da ledar ƙasa, waɗanda suke ci da sauri, suna fitar da baƙin hayaƙi mai guba. A irin wannan gida, yawancin waɗanda gobara ke hallakawa hayaƙi ne ke kashe su tun wutar ba ta iso inda suke ba. Mai barci yakan shaƙe shi, ya suma, bai ko farka ba.

Ga misali da ya isa a yi tunani a kansa. A ranar 9 ga Janairu, 2022, wuta ta tashi daga na'urar ɗumama ɗaki a wani bene mai hawa 19 a unguwar Bronx ta birnin New York, a Amurka. Mutanen gidan da wutar ta tashi suka gudu, ƙofarsu kuwa, wadda aka yi domin ta rufe kanta, ba ta rufu ba. Wata ƙofar matakala a hawa na 15 ita ma tana buɗe. Wutar kanta ba ta yi nisa ba, amma hayaƙi ya bi matakala ya cika benen. Mutum 17 suka rasu, takwas daga cikinsu yara, akasarinsu 'yan asalin ƙasar Gambiya, kuma dukkansu hayaƙi ne ya yi ajalinsu. A Landan ma, gobarar benen Grenfell ta 14 ga Yuni, 2017, ta ci rayuka 72. Babban laifin na kayan da aka lulluɓe bayan ginin da su ne, amma masu bincike sun gano cewa ƙofofi da dama ba su da na'urar rufe kai mai aiki, kuma da aka gwada ɗaya daga cikin ƙofofin da aka ce za su jure rabin sa'a, wajen minti 15 kaɗai ta yi.

Mene ne bambancinta da sauran ƙofofi?

Ƙofar tare gobara ita ce wadda aka gwada irinta a bakin tanderu, aka tabbatar za ta tare wuta har wani ƙayyadadden lokaci. A wajen gwajin, zafin tanderun yakan kai digiri 842 a ma'aunin santigireti a minti na 30, ya kai digiri 945 a cikar sa'a ɗaya. Wadda ta jure rabin sa'a, a tsarin Ingila, ana yi mata alamar FD30. Wadda ta jure sa'a guda, FD60. Ta farkon ita aka fi sa wa gidajen zama. Rabin sa'a ba wani dogon lokaci ba ne, amma ya ishi magidanci ya tayar da iyalinsa, ya ɗauki jariri da tsohuwa, maƙwabta su kawo ɗauki, a kira 'yan kwana-kwana.

Ƙyauren katako na rabin sa'a yawanci kaurinsa milimita 44 ne, wato inci ɗaya da rubu'i uku a lissafin kafinta. Na sa'a guda milimita 54. Cikinsa a cike yake, shi ya sa yake da nauyi. Wani zai yi mamakin a ce katako zai tare wuta. Dalilin shi ne katako mai kauri a hankali yake ci, gawayin da ya yi a fuskarsa kuma yana kare na ciki. Ƙyauren nan mai sulɓi da araha da ake gani a gidajen haya kuwa, falle biyu ne na siririn katako, tsakaninsu iska ce da kwali. Ƙwanƙwasa shi ka ji yana amo kamar ganga. Wuta ba ta daɗewa take huda shi.

A nan ne ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu. Mutane da yawa suna zaton duk ƙofar ƙarfe ƙofar gobara ce, tun da ƙarfe ba ya ci. Ƙofar da mai walda ya haɗa da falle ɗaya tana da amfaninta wajen hana ɓarawo, amma in zafi ya buge ta takan yi ja, ta miƙa zafin ga labule ko katifar da ke bayanta, takan kuma lanƙwashe ta buɗe kafa ko ta cije a firam ta ƙi buɗuwa. Ƙofar gobara ta ƙarfe falle biyu ce, an cusa abin da ba ya ɗaukar zafi a tsakani. Ƙofar alminiyam kuwa ba a ma maganarta, domin alminiyam yana narkewa a digiri 660, gilashinsa kuma tun kafin nan ya tarwatse.

Ƙyauren kaɗai bai zama ƙofa ba. Tare ake gwada shi da firam ɗinsa, da hinjinsa, da makullinsa, saboda haka tare ake sayensu. A gefen ƙyauren ko cikin firam akwai wani ziri na sinadari da aka binne a kwarmi. In zafi ya taɓa shi sai ya kumbura ya toshe kafar da ke tsakanin ƙyaure da firam. Sau da yawa akwai wani zirin na roba ko na gashi mai kama da buroshi, wanda ke tare hayaƙi tun zafi bai kai na kumbura sinadarin ba. Sai kuma hannun ƙarfe a sama, wanda ke mayar da ƙyauren ya rufe da kansa.

Wajen kafawa

Ba kowace ƙofa ta gida ce za a mayar ta gobara ba. Inda aka fi bukatarta shi ne tsakanin wurin da wuta ta saba tashi da wurin da mutane ke kwana ko suke bi su fita: ƙofar ɗakin girki da ke buɗewa cikin lungu, ƙofar ɗakin janareto ko batiran sola, ƙofar da ta haɗa shago da cikin gida, da ƙofar kowane sashe da ke fita kan matakala a gidan bene. Matakala ita ce bututun hayaƙin bene, kuma ita ce hanyar tsira, don haka ita aka fi tsarewa.

Kundin Ƙa'idojin Gine-gine na Ƙasa na 2006 ya yi tanadi a kan kariya daga gobara da hanyoyin fita, amincewa da zanen gini kuwa yana hannun hukumomin tsara birane na jiha. Mai niyyar gina bene ko gidan haya ko ɗakin kwanan ɗalibai, ya tambayi mai zanen tun a takarda inda waɗannan ƙofofi za su zauna, ya kuma nemi shawarar ofishin kwana-kwana mafi kusa. In ya zo saye, ya nemi takardar shaidar gwaji, ya duba tambarin da ke saman ƙyauren ko gefen hinji. Maganar mai kanti kawai ba shaida ba ce.

Aikin kafinta a nan na awo ne, ba na ƙiyasi ba. Kafar da ke tsakanin ƙyaure da firam, a sama da gefe biyu, ta tsaya tsakanin milimita 2 zuwa 4. Mai gida zai iya gwadawa da ashana: tsinke ɗaya ya shiga, biyu a haɗe kada su shiga. Ta ƙasa kada ta wuce milimita 8 zuwa 10, in kuwa ƙofar ta tare hayaƙi ce, wajen milimita 3. Hinji uku ne mafi ƙaranci, na ƙarfe mai ƙarfi, kowane rami da sukurunsa. Ƙusa ba ta yi. Kada a yarda kafinta ya fere ƙyauren da yawa don ya shiga ramin da magini ya karkata, kada kuma a huda shi a sa gilashi ko raga. Ratar da ke tsakanin firam da bango a cike ta da siminti ko abin da ba ya ci, ba da takardar buhu ko tsumma a shafe da fenti ba.

Akwai wani abu da ake mantawa da shi, kuma yakan ɓata dukkan aikin. A gidaje da yawa bangon da ya raba ɗakuna a silin yake tsayawa, daga nan zuwa kwano fili ne ɗaya tun daga wannan ƙarshen gida har wancan. Wuta in ta huda silin ɗin ɗakin girki, sai ta bi katakon rufi ta faɗo wa masu barci ta sama, ƙofar tana nan a rufe ba abin da ya same ta. Bangon da ke ɗauke da ƙofar gobara dole ne a ɗaga shi har ya taɓa kwano.

Makulli ma abin lura ne. Ƙofar da ake bi a tsira dole ta buɗu daga ciki ba tare da neman ɗan makulli ba, cikin duhu, ko a hannun yaro. Al'adar datse kwaɗo ta waje a kan yara ko ɗalibai da dare, ko da kyakkyawar niyya ce, haɗari ce babba. A watan Nuwamba na 2015 ɗalibai mata bakwai sun rasu a gobarar ɗakin kwana a Jogana, cikin Jihar Kano, a watan Fabrairu na 2025 kuma almajirai 17 suka rasu a gobarar dare a Kaura Namoda, Jihar Zamfara. Duk inda mutane da yawa ke kwana, a yi ƙofar fita fiye da ɗaya, kowace kuma ta riƙa buɗewa waje.

Kula da ita

Yanayin Nguru da Gashuwa yana wahalar da ƙofa. Da hunturu katako yakan tsuke, kafa ta ƙara faɗi. Da damina ya kumbura, ƙyaure ya riƙa cijewa, sai mai gida ya kira kafinta ya fere, in rani ya dawo kuma a ga haske yana shigowa ta gefe. Maganin wannan daidaita hinji ne, ba fira ba. Ƙura tana cika hinji da bakin makulli. Zafin bazara, da yakan haura digiri 40, yana tsinka man da ke cikin hannun ƙarfen nan, ƙyaure ya riƙa bugawa da ƙarfi, da sanyi kuma ya yi nawa ya tsaya bai kama ba. Akwai ɗan sukuru a jikinsa da ake juyawa a daidaita gudun. In aka ga mai yana tsiyaya daga cikinsa, ya mutu, sai sabo. Gara kuma daga ƙasan firam take farawa.

Amma babban abokin gabar wannan ƙofa shi ne dutsen da ake tokare ta da shi. Ana zafi, uwargida tana kai da kawowa da tukunya, ƙyaure yana ta komawa, sai a sa turmi ko bulo a tare shi, wani ma ya kwance hannun ƙarfen gaba ɗaya. Uzurin a fili yake, ba mu raina shi ba. Sai dai ƙofar da aka tokare daidai take da ramin da babu ƙyaure. In iska ake nema, a ƙara wa ɗakin girki taga ta waje. In an tokare da rana bisa larura ana tsaye a wurin, to a cire kafin a bar ɗakin, a kuma tabbata an rufe kafin a kwanta.

A Ingila, tun daga Janairu 2023, doka ta wajabta wa masu kula da benayen zama da suka wuce mita 11 su duba ƙofofin gobara na matakala da lunguna kowane wata uku, na shiga gidaje kuma sau ɗaya a shekara. A wurinmu ya fi sauƙi a ɗaura dubawar a kan yanayi: sau ɗaya da shigowar hunturu, sau ɗaya da faɗuwar damina. Buɗe ƙyauren rabi ka sake shi, sa'an nan ka buɗe shi kamar tafin hannu ka sake. Duka biyun ya koma ya kama da kansa. Duba zirin gefe ko ya ɓalle ko an shafe na hayaƙin da fenti ya ƙandare. Ɗaure sukurun da ya saki. A gidan haya, gyaran na mai gida ne, amma ɗan haya ne ke gani kullum, shi ya kamata ya kai magana, zai fi kyau a rubuce.

Wanda ƙarfinsa bai kai na ƙofar da aka gwada ba, kada ya ce shi ke nan. Ya sa kafinta ya yi masa ƙyaure cikakke na katako mai tauri, irin maɗaci, mai kaurin inci ɗaya da rubu'i uku, da hinji uku, ya zauna daidai cikin firam. Ba za a kira shi ƙofar gobara ba, ba kuma wanda zai ce ga mintin da zai jure, amma ya fi labule ko ƙyaure mai iska a ciki nesa ba kusa ba. Fetur kuwa a fitar da shi daga ginin da ake kwana, ko da wace irin ƙofa aka sa.

In wuta ta tashi, wanda ya fita ƙarshe daga ɗakin ya jawo ƙofa ya rufe, kada ya kulle. Wanda ke wani ɗaki ya taɓa ƙyaure da bayan hannu kafin ya buɗe. In ya ji zafi, wutar tana bayansa: ya bar shi a rufe, ya toshe ƙasansa da jiƙaƙƙen zane, ya je taga ya yi kururuwa. In da sanyi, ya buɗe a hankali, ya sunkuya ƙasa inda iska ta fi kyau, ya fita da yara a gabansa, a taru a wurin da aka riga aka shirya a ƙofar gida domin a ƙirga kowa.