Musayar Kayan Sallah Tsakanin Jibiya Da Maraɗi

Bayan jihadi, Sarakunan Haɓe na Katsina sun koma Maraɗi, dangi suka rabu gida biyu. Turawa kuma suka shata iyaka, amma zumunci bai yanke ba. Idan Sallah ta zo, matan Jibiya kan soya dubulan da alkaki, su daka nakiya, su aika wa 'yan'uwa a Ɗan Isa da Maraɗi ta hanyar Magama, domin kayan ba sa saurin lalacewa. Ƙa'ida ita ce ba a mayar da kwano wayam, kuma akan ba ɗan aike tukwici. Rufe iyakar da aka yi a 2019 da 2023 ya wahalar da wannan aike. Ga dattawa kuwa, kwanon da ya daina zuwa alama ce zumunci ya fara sanyi.