Asusun Tsufa da Ciwo: Masu Ɗan Hali Ma Ba Duka Ya Rufe Ba

Inshorar ma'aikata tana kama da adashi. Kowane wata ana cire wani abu daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki shi ma ya zuba nasa kason, a ajiye cikin asusu guda. Ran da tsufa ya zo, ko ciwo, ko haɗari wurin aiki, daga asusun nan ake biyan mutum ko magadansa. Jamus ce ta fara wannan tsari zamanin Bismarck: dokar ciwo a 1883, ta haɗari a 1884, ta tsufa a 1889.

Domin a san waɗanda tsarin yake kai wa, Bankin Duniya yakan raba jama'ar ƙasa rukuni biyar, daga mafi talauci zuwa mafi wadata. Rukuni na huɗu su ne masu ɗan hali: sun fi matsakaici, amma ba su kai attajirai ba. Mutum zai zaci su kam duka suna cikin asusu. Abin ya danganta da ƙasa.

A Turai, har da ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet, inda yawancin mutane suka yi aikin albashi, fansho yana shiga gidajen kowane rukuni. A yawancin ƙasashen Afirka kuwa, ya fi taruwa a hannun rukunin sama. Dalili shi ne asusu takardar albashi yake bi, ba dukiya ko bukata ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato OIT, ta ƙiyasta a 2018 kusan kashi 86 cikin 100 na masu aiki a Afirka ba su cikin aikin da hukuma ta rubuta. A Nijar, asusun CNSS da aka kafa a 1965 don masu albashi aka yi shi. Saboda haka ɗan kasuwar Maraɗi mai shago biyu, ko manomin albasa na Galmi, yana iya fin akawu samu, amma akawu ne mai fansho. Jinya guda mai tsawo ta isa ta cinye jarin ɗan kasuwar, ta mai da gidansa rukunin ƙasa.

Ƙididdigar OIT ta 2023, wadda ta haɗa inshora da taimakon gwamnati, ta nuna tazarar. A ƙasashe masu arziki, kusan kashi 86 cikin 100 na jama'a suna da aƙalla kariya guda. A ƙasashe mafi talauci, ba su cika kashi 10 ba.

Wasu ƙasashe sun buɗe ƙofa ga marasa albashi. Tsarin mulkin Birazil na 1988 ya faɗaɗa fanshon manoma. Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003. Sin ta fara sabon fanshon karkara a 2009, inda manomi yake zubawa, gwamnati ta ƙara masa. Maroko kuma ta yi doka a 2021 domin shigar da masu sana'ar kansu.

A irin wannan gyara, masu ɗan hali su ne suka fi sauƙin shiga, tunda suna da abin zubawa. Abin da suke jira shi ne hanyar biya da ta dace da samunsu, kamar bayan girbi, da kuma amincewa cewa kuɗinsu ba za su salwanta ba. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.