Kayan Aikin Baduku da Yadda Mai Koyo Zai Soma da Su

Malaman kwalejojin horon malamai sukan tambaye mu sunayen kayan dukanci saboda ɗalibansu masu sha'awar aikin fata. Abin da ke biye amsa ce ga wannan tambaya, tare da bayanin amfanin kowane kaya, gama sunan da aka manta aikinsa ba ya daɗewa a bakin mutane.

Da fari ya kamata a rarrabe sana'o'i biyu da a kan gama su wuri ɗaya. Jima aikin majemi ne, shi ke cire gashi, ya jiƙa fata cikin ruwan bagaruwa har ta daina ruɓewa. Dukanci kuwa aikin baduku ne, wanda ke karɓar jemammiyar fata ya yanka, ya ɗinka. Harshen ma ya raba su: majemi da majema suna bin tsarin maƙeri da maƙera, amma baduku da dukawa suna bin tsarin Bakano da Kanawa, kamar dai sunan wata al'umma ce. Mai koyo ba ruwansa da jima tukuna. Sai ya sayi fatar akuya guda, in da hali ta jar akuyar Sakkwato, wadda tun dā a ke ketare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. A lura, ta bagaruwa za a saya. Wadda aka jeme a masana'anta da gishirin kuromiyam tana da taushi da kyaun gani, amma ba ta riƙe zane in an danna mata.

Kayan ba su da yawa: wuƙa, da dutsen wasa ta, da almakashi, da tsinken huda, da basilla, da allura biyu, da zare, da kakin zuma, da katako mai laushi wanda za a ɗora fata a kai. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne almakashi da allura da basilla duk daga Larabci aka aro su. Ko Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar takalman Kano suna tafiya har Arewacin Afirka, saboda haka ba abin mamaki ba ne in kalmomi sun biyo hanyar da fata ta bi.

Wuƙa ita ce uwar aiki. Dakusasshiyar wuƙa tana jan fata ta miƙe, sai yanka ya karkace, kuma ita ce ta fi yanke mai ita, don sai ya danna da ƙarfi. Kafin a yanka, a fitar da siffar abin a takarda mai kauri, a ɗora, a zana da tsinke. A duba kuma inda a ke ɗorawa: fatar gadon baya ta fi ƙarfi, ta wajen ciki kuwa saki gare ta, tana miƙewa. Wanda ya yanko maɗaurin jaka daga ciki zai ga ya ƙara tsawo kafin wata ya ƙare. Inda za a ninke baki ko a haɗa biyu, sai a kwantar da wuƙa a feƙe gefen nama kaɗan kaɗan, don kada wurin ya yi tudu. Wannan fiƙa ita ce ta fi ba mai koyo wuya, kuma a ganina gara ya ɓata tarkacen fata kwana bakwai a kanta kafin ya taɓa ta kirki.

Ɗinkin fata ya saɓa wa na tufa, domin allura ba ta huda, bi kawai ta ke yi. A fara manne ɓangarorin da ɗan gam, a ja layi kusa da baki, sa'an nan a huda ramuka da tsinke, tazararsu ɗaya. A goga wa zare kaki, a zura allura a kowane bakinsa. Kowane rami allura biyun za su ratsa shi, ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, a ja su daidai. Amfanin wannan shi ne ko zare ya tsinke a wuri guda, ɗayan yana riƙe, ba kamar ɗinkin keke ba da ke warwarewa. In an kai ƙarshe sai a koma baya rami biyu ko uku, a yanke.

Rini kuwa, ja daga karan dafi a ke samunsa, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko, watau ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki. Baƙin nan yana fitowa ne daga haɗuwar ƙarfe da sinadarin bagaruwa da ke cikin fatar. Don haka ne in mai koyo ya jiƙa fata domin ya danna mata zane, ya kuwa bar wuƙa ko basilla a kanta, zai tarar da baƙin tabo wanda wanki ba ya fitarwa.

Abin da ya fi dacewa a soma da shi kube ne ko 'yar zabira: yanka biyu, ɗinki ɗaya. Gafaka da takalmi sai hannu ya faɗa.