Goshi a Ƙugu, Gari a Ƙafa: Abubuwan Mamaki kan Ɗamarar Judo

Mutumin da ya ƙirƙiro judo sunansa Kano, amma bai haɗa komai da birnin Dabo ba. Jigoro Kano Bajapane ne, malamin makaranta, haifaffen 1860. A 1882 ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a wani ɗaki na haikalin Eishoji da ke Tokyo, kan tabarma 12, da ɗalibai 9. Shi ya shimfiɗa matakan da ake hawa a wasan, ya yi ta ɗaura wa almajiransa ɗamara har ya rasu a 1938, cikin jirgin ruwa, a hanyar komawa gida daga taron kwamitin Olamfik a Alƙahira. Shi kansa kuwa bai taɓa ba kansa mataki ko ɗaya ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Matakan ma ba daga fagen kokawa ya samo su ba. Aro ya yi daga masu buga go, wata irin dara ta fararen duwatsu da baƙaƙe, waɗanda suka daɗe suna jera gwanayensu hawa-hawa. Hawan gida biyu ne. Na ƙasa ana kiransa kyu, kuma lissafinsa baya-baya yake tafiya: sabon shiga yana na 6 ko na 5, wanda ya kusa fita yana na 1. Na sama shi ne dan (ba ɗan da aka haifa ba), shi kuma daga 1 yake tashi zuwa 10. Mutum biyun farko da suka sami dan su ne Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, a 1883, kuma ranar ba a ɗaura musu komai ba, don ba a riga an fito da baƙar ɗamara ba. Sai bayan 'yan shekaru ta bayyana.

Launukan nan da yara ke ɗoki, rawaya da ruwan lemo da kore da shuɗi da ruwan ƙasa, a Turai suka yi kasuwa. Wani malami Bajapane, Mikinosuke Kawaishi, wanda ya sauka a Paris a 1935, shi ya yaɗa su, bayan ya lura cewa Bature ba ya jure shekara da shekaru da farar ɗamara ba tare da an nuna masa ya matsa gaba ba. A Japan har gobe babban mutum daga fara yake zuwa ruwan ƙasa, daga nan sai baƙa, wasu wuraren ma ba sa bi ta ruwan ƙasar. Faransawa kuwa sun ƙara gishiri: yaransu na da ɗamara mai launi biyu-biyu, rabi fari rabi rawaya, don kada a daɗe ba a yi bikin ƙarin girma ba.

Akwai wani labari da ake yawan bayarwa, wai a da can ɗamara ɗaya mutum ke ɗaurawa ba ya wanke ta, gumi da ƙura su yi ta rina ta har ta koma baƙa. Labarin na da daɗi, amma tatsuniya ce. Mutanen da ke cire takalmi kafin su taka tabarma ba za su bar ka shiga da ƙazanta a ƙugu ba.

Yanzu ga inda Bahaushe zai yi dariya. Rabin jarrabawar ɗamara jarrabawar harshe ce, domin ko a Burazil kake ko a Masar, da Japananci mai jarrabawa zai kira sunan kayen, kai kuma ka tashi ka yi. To idan ya ce o-goshi, kada ka kai hannu goshinka. Goshi a wurinsu ƙugu ne. Asalin kalmar koshi ce, sai ta zama goshi idan ta biyo bayan wata. Idan ya ce o-soto-gari, ba garin tuwo yake nufi ba, ba kuma garinku ba: gari girbi ne, irin na lauje, wato ka girbe ƙafar abokin karawarka da taka.

Da zarar mutum ya gane wannan, sunayen sun daina ba shi tsoro, don ba wani sirri a cikinsu, bayani ne tsagwaronsa. O babba, ko ƙarami, soto waje, uchi ciki. Haɗa su da gari ka sami kaye huɗu a kyauta: o-soto-gari, babban girbi ta waje, o-uchi-gari, babban girbi ta ciki, ko-soto-gari da ko-uchi-gari, ƙannensu. Ashi ƙafa, hiza gwiwa, te hannu, guruma juyi irin na wili, otoshi saki ƙasa, harai shara. Hiza-guruma ke nan juya mutum a kan gwiwarsa. De-ashi-harai share ƙafar da ke shirin takawa, abin da yaran unguwa ke kira taɗiya, sai dai tasu tana da lokacinta: daidai sanda ƙafar ta bar baya ba ta kuma gama sauka ba. A ganina ɗalibin da ya haddace ƙananan kalmomi irin waɗannan guda ashirin ya fi wanda ya haddace sunayen kaye hamsin kamar karatun aku.

Wasu sunayen kam da ɗan adon magana. Tani-otoshi sakin mutum cikin kwari ne. Yama-arashi guguwar dutse, kayen da Saigo ya yi suna da shi. Kesa-gatame, dannewar da kusan kowa ke fara koya, ta samo suna daga kesa, mayafin da limaman addinin Buddha ke ratayawa a karkace daga kafaɗa zuwa ƙugu, don haka jikinka ke kwanciya a kan wanda ka danne. Juji-gatame, murɗe gwiwar hannu, daga lambar goma ta fito, saboda goma a rubutunsu layi biyu ne da suka gitta juna, kamar yadda jikin mutanen biyu ke gittawa. Hadaka-jime kuwa ma'anarsa shaƙar tsirara. Ba wanda ke tuɓewa, kawai dai ba a kama riga ne wajen yin ta.

Jadawalin da yawancin jarrabawa ke bi ana kiransa gokyo. An tsara shi a 1895, aka yi masa kwaskwarima a 1920 ya tsaya a kaye 40, rukuni 5, kowanne da 8. Tun 2017 kuwa Kodokan ta tsayar da lissafinta a dabara 100 cif: 68 na kayarwa, 32 na dannewa da shaƙewa da murɗe gaɓa.

Amma duk cikin ɗarin nan ba wadda ake fara koya wa sabon shiga. Abin da ake fara koya masa shi ne faɗuwa. Sunanta ukemi: ta baya, ta gefe, ta gaba, da ta mirginawa. Ka kafe haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ka mari tabarma da dukan hannunka don ƙarfin faɗuwar ya bi ta nan. Mutum ya biya kuɗin koyon kayar da jama'a, ya shafe makonni yana kayar da kansa. Wanda kuma bai iya ta ba, ko rawayar ɗamara ba zai gani ba.

Kowane kaye gaɓa uku gare shi, kuma mai jarrabawa yana kallon ukun ɗaya bayan ɗaya. Kuzushi, ka raba mutum da daidaiton tsayuwarsa. Tsukuri, ka shigar da jikinka inda ya kamata. Kake, ka ƙarasa. Ƙato na iya ɗaga abokinsa ya maka shi da ƙasa, a ce masa ya faɗi jarrabawa, saboda ya tsallake ta farko ya yi aiki da ƙwanji. Kyuzo Mifune, ɗan siririn dattijon da ya kai dan na 10 a 1945, yana da wani kaye da aka yi wa laƙabi da kayen iska, don ba ƙugu ba taɗiya, hannu kawai da sanin lokaci.

Mai yin kaye tori ne, wanda ake yi a kansa uke. A jarrabawa har uke ana duba shi.

Mai neman baƙar ɗamara sai ya nuna kata, wato tsararren nuni da mutum biyu ke yi, kowane taku an riga an ƙayyade shi. Babbar cikinsu nage-no-kata, kaye 15 ce rukuni 5, kowanne a yi shi dama a yi shi hagu, kuma galibi rukuni 3 na farko ake nema a matakin farko. A nan wani abin mamaki yake. Kaye na uku a jerin shi ne kata-guruma, inda za ka sunkuya ka zura hannu ka kama cinyar mutum, ka saɓa shi a kafaɗa kamar buhun gero, ka juye. Tun 2010 hukumar judo ta duniya ta fara hana kama ƙafa da hannu a gasa, ta ƙara tsanantawa a 2013. Abin da mai jarrabawa zai ba ka maki a kansa ran Asabar ke nan, alƙalin wasa zai hukunta ka a kansa ran Lahadi.

Shi ma alƙalin da Japananci yake magana, kuma kalmominsa na fitowa a jarrabawa. Hajime, a fara. Mate, a dakata. Osaekomi, an danne, agogo ya fara ƙirga. Toketa, ya kuɓuce. Ippon, magana ta ƙare: ko an kayar da mutum da bayansa da ƙarfi, ko an danne shi daƙiƙa 20 (a da 30 ne, aka dawo 25, aka sake ragewa), ko ya bubbuga hannu sau biyu alamar ya miƙa wuya. Waza-ari makin da bai kai ippon ba ne, biyu sun zama ippon. Shido gargaɗi ne, na uku ya kore ka. Akwai wani ƙaramin maki, yuko, da aka soke a 2017 aka kuma dawo da shi a 2025, don haka littafin da yayanka ya yi karatu da shi ba lalle ya fisshe ka ba.

Dabaru huɗu suna cikin lissafin ɗarin amma haramun ne a gasa. Mafi shahara ita ce kani-basami, almakashin ƙaguwa, inda mutum ke tsalle ya datse ƙafafun abokinsa da nasa biyu. A 1980 Sumio Endo ya yi wa Yasuhiro Yamashita ita, ƙashin ƙafar Yamashita ya karye, daga baya aka hana. Murɗe gaɓa kuma a gwiwar hannu kaɗai aka yarda. Yatsa, wuya, gwiwar ƙafa, duk a kul.

Baƙar ɗamarar da 'yan kallon fim suka ɗauka ƙarshen ilimi ce, sunan matakinta na farko shodan, ma'ana matakin farawa. A Japan yaro ɗan shekara 14 yana iya samunta, a Faransa 15.

Kuma ba baƙa ce ƙololuwa ba. Daga dan na 6 zuwa na 8 ɗamarar ja da fari ce, zango-zango. Na 9 da na 10 ja ce zalla. Masu ita da yawa a akwati suke ajiye ta sai ranar biki, su ci gaba da atisaye da tsohuwar baƙarsu. Daga kafa Kodokan zuwa 2006, mutum 15 kacal ta ba dan na 10, kuma uku daga ciki, Toshiro Daigo da Ichiro Abe da Yoshimi Osawa, rana ɗaya aka ba su a farkon wannan shekarar, dukkansu dattawa 'yan shekara wajen tamanin. Na farko a jerin, Yamashita Yoshitsugu, shi ne wanda ya koya wa shugaban Amurka Theodore Roosevelt judo a fadarsa a 1904.

Mata sun sha jira. Keiko Fukuda, jikar mutumin da ya fara koya wa Kano tsohuwar kokawar jujutsu, ta zauna a dan na 5 kusan shekara 20, ba don ta kasa ba, sai don a lokacin nan ne iyakar mace. A 1972 aka ɗaga ta zuwa na 6, a 2006 Kodokan ta ba ta na 9, a 2011 hukumar judo ta Amurka ta ba ta na 10 tana da shekara 98. Ɗamarar mata ma a Japan da farin layi take a tsakiya don a bambanta ta da ta maza, sai 2017 hukumar ƙasar ta daina tilasta shi a gasanninta.

Akwai kuma gajeriyar hanya ga mai ƙarfin hali. A gasar ja da fari ta Kodokan ana jera mutane, wanda ya ci ya tsaya a fage, na gaba ya shigo. Wanda ya yi ta zubar da su a jere ana iya ƙara masa mataki nan take, abin da suke kira batsugun. Masahiko Kimura ya kai dan na 5 yana ɗan shekara 18. Shi ne ya murɗe hannun ɗan kokawar Burazil Helio Gracie a Rio a 1951 da ude-garami, shi ya sa 'yan kokawar Burazil har yau ba sa kiran dabarar da sunanta na asali, kimura suke ce mata.

Kafin ma a zo ga kaye, mai jarrabawa ya riga ya kalli yadda ka shigo: gaisuwar sunkuyawa da suke kira rei, ƙullin ɗamara a kwance da bakinta biyu tsawo ɗaya, da yadda ka rufa rigar. Ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama, ga namiji ga mace. Wanda ya juya, ya sa dama a kan hagu, malamin zai aiko shi baya ya gyara, domin a Japan gawa ake yi wa irin wannan suturar.