An Gyara Uwar Takarda A Ofis, 'Ya'yanta A Ƙauye Ba Su Sani Ba

Wata ranar Lahadi cikin watan Yunin 2023 muka je sujada a wata 'yar majami'a ta ƙauye. Da aka zo addu'a domin shugabanni, sai mai karatu ya roƙi Allah ya yi wa shugaban ƙasa Muhammadu Buhari jagora, alhali kuwa tun ranar 29 ga Mayu aka rantsar da Bola Tinubu. Jama'a suka ce amin, matasa na baya suna ƙumshe dariya. Ba laifin mai karatu ba ne, abin da aka buga masa ya karanta. Daga kwamfutar tafi-da-gidanka ta katikis takardar ta fito, ita kuwa kwamfutar rabonta da ofishin dayosis tun kafin Ista.

Irin wannan ya faru a wurare da dama a 2020, lokacin da Akbishof Henry Ndukuba ya gaji Nicholas Okoh a shugabancin Ikilisiyar Angilikan ta Nijeriya. Kuskuren suna a addu'a dai mai sauƙi ne, Allah ya san wanda ake nufi. Amma fa ta wannan hanyar ce ake aika wasiƙar neman gudummawa ɗauke da lambar asusun bankin da aka riga aka rufe, ko a ba mutum takardar shaidar baftisma mai tsohon tambari, ya kai ta wurin ɗaurin aure a wani gari a tsaya ana yi masa kallon mai takardar jabu.

Masu karatu da suka yi zamanin tafireta za su tuna cewa sitensil ɗaya ake yankawa, a ɗora a injin gurza, kowa ya karɓi kofinsa. Yau abin da ya maye gurbin sitensil shi ne samfurin takarda na Microsoft Word, wanda mu a ofis muke kira uwar takarda. A cikinta ake ajiye kan wasiƙa, da tambari, da salon haruffa, da kalmomin da ba sa canzawa. Tun daga Word na 2007 sunan irin wannan fayil yana ƙarewa da .dotx, ita kuwa takarda ta yau da kullum da .docx. In ka buɗe uwar, sai ta haifa maka sabuwar takarda, ita ta zauna yadda take.

To, a nan gizo yake saƙar. Da zarar an haifi takarda, rubutun da ta ɗauko daga uwar ya zama nata. Ko sakatare ya gyara uwar sau goma, takardar da aka yi bara tana nan da kalmomin bara. Mu kuma ma'aikata muna da wata ɗabi'a: ba ma komawa wurin uwar sam, sai mu buɗe tsarin sujada na makon jiya mu canza kwanan wata da nassosi. Haka kuskure ɗaya yake bin jikoki har shekara uku. Mu ma mun yi, ba mu ware kanmu ba.

Matsala ta biyu ita ce ta wurin ajiya. Word yana da saitin da ake nuna masa jakar da samfuran ƙungiya suke. Ofisoshi da yawa sukan nuna masa jaka a babbar kwamfutar ofis, wanda daidai ne ga masu zama a ofis. Amma katikis da ya goya kwamfutarsa a babur ya tafi inda babu intanet, jakar nan ta ɓace masa. Wani lokaci ma takarda takan daɗe ba ta buɗe ba, domin Word yana ta neman uwar a hanyar da ba ta nan.

Abin da muka ga ya fi dacewa shi ne kowace kwamfuta ta sami jakarta a cikinta, a nuna wa Word wannan jakar, sa'an nan a riƙa kwafo sababbin samfura ana zubawa a ciki. Wasu nau'o'in Windows suna iya yin wannan da kansu duk lokacin da kwamfuta ta dawo ofis ta haɗu da babbar. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Irin wannan daidaitawa tana iya tafiya gaba da baya, watau in wani ya taɓa kofinsa a ƙauye, gyaransa ya hau kan na ofis, saboda haka a kulle na ofis yadda mutum ɗaya ne kaɗai zai iya gyarawa. Na biyu, injin yakan duba kwanan wata ne domin ya gane sabon fayil, tsohuwar kwamfuta kuwa da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan farka tana cewa shekarun baya ake ciki.

Saboda haka mun fi amincewa da abin da ido zai gani. A ƙasan kowace uwar takarda a rubuta da ƙananan haruffa ranar da aka gyara ta, domin ya fito a kowace takarda da aka buga. Sunan fayil kuwa kada a canza shi, sabon ya hau kan tsohon. In aka fara "wasiƙa sabuwa", "wasiƙa sabuwa ta gaske", ba wanda zai san ta ɗauka. A taron ma'aikata na wata-wata, kafin a shiga maganar baiko, sakatare ya karanta ranar samfurin da ake aiki da shi, kowa ya duba nasa. Wanda ya hau tudu ya sami sabis yana iya karɓar fayil ɗin ta WhatsApp, tun da ba shi da nauyi.

Game da filashi, a keɓe guda ɗaya domin wannan aiki, kada a kai shi shagon buga takardu. Ta samfuran Word ne ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Melissa ta riƙa kama takardu a 1999. Fayil mai .dotx ba ya ɗaukar irin ƙananan umarnan da ƙwayoyin nan suke ɓuya a ciki, mai .dotm ne yake ɗauka, don haka majami'a ta tsaya ga na farkon.

Akwai kuma maganar haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Tsofaffin samfura da yawa an yi su ne da salon haruffa na musamman wanda ba kowace kwamfuta ke da shi ba, shi ya sa "Ɗan Allah" yakan fito da wata baƙuwar alama a inda Ɗ ya kamata ya zauna. Duk ofishin da zai sabunta samfuransa bana, ya sake buga su da haruffan Unicode, ya gwada a kwamfutar katikis mafi tsufa a gundumar kafin ya raba wa saura.