Jazz: Kunne Ke Gaba da Yatsa

Wanda ya ji makaɗin jazz na busa saksofon, sauti na kwarara ba takarda a gabansa, zai ɗauka baiwa ce tsagwaronta. Lallai ƙirƙira nan take ita ce ƙashin bayan wannan kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka: ana farawa da sanannen kari, sai kowane makaɗi ya karɓi zagayensa ya gina nasa a kai. Sai dai kafin mutum ya kai nan, ya sha wuya.

Dubi Charlie Parker, haifaffen Kansas City a 1920. Yana ɗan saurayi ya shiga zaman kiɗan dare tare da manya, ya rikice a tsakiyar busa, har mai ganga Jo Jones ya wurgo farantin ƙarfensa kusa da ƙafarsa, alamar ya sauka. Yaron ya tattara faya-fayan gwanin saksofon Lester Young ya yi ta maimaitawa, sai da ya haddace kowane lanƙwasa da inda mutumin ke jan numfashi. Daga baya shi da bakinsa ya ce ya yi shekara uku zuwa huɗu yana atisaye awa 11 zuwa 15 kullum. Abin lura, da sauraro ya fara. Takarda za ta nuna maka sautin da za ka busa, amma jinkirin da gwani ke yi da gangan a bayan bugun ganga, wannan sai kunne.

Atisaye kuma ba na 'yan koyo kaɗai ba ne. A 1959, sunan makaɗin saksofon Sonny Rollins na tashe, ya janye daga dandali. Don kada ya dami maƙwabta, sai ya riƙa hawa gadar Williamsburg ta New York yana busa shi kaɗai, kimanin shekara biyu. Mutumin da kiɗa ne abincinsa ya ajiye kuɗin shiga saboda bai gamsu da kansa ba. A ganina wannan ya fi labarin Parker ban mamaki.

To, amma jazz ba ya nuna a ɗaka. A farkon shekarun 1940, bayan an tashi daga aikin da ake biya, makaɗa kan taru a gidan kiɗa na Minton's Playhouse da ke unguwar Harlem. A can Thelonious Monk da Kenny Clarke da Dizzy Gillespie da Parker suka yi ta gwada juna har salon bebop ya tsaya da ƙafarsa. Ƙarami na koyo a gefen babba, kamar ɗan amshi a bayan ubangidansa. Haka Miles Davis ya shiga ƙungiyar Parker a 1945 yana ɗan shekara 19.

Matashin da ke son wannan sana'a, yau duk faya-fayan nan suna cikin wayarka. Zaɓi busa guda ɗaya ta Lester Young, ka saurara har ka iya rera ta da baki, sannan ka ɗauki kayan kiɗanka ka nemi waɗanda suka fi ka ku buga tare.